Shekarar da Malam Ya Koma Fulatanci

A zamanin da na taso, rani rani ne. Da an sare gero an kai dawa rumbu, ruwan da gulbin Rima ya malala a fadama sai ya fara ja da baya, ya bar laka, lakar ta bushe ta tsattsage, masu 'yan lambuna su bi sauran ruwan da jigo har inda ƙarfinsu ya ƙare. Daga nan ƙasa ta yi fari ke nan sai faɗuwar ruwan sama. Yawancinku kuwa kun yi wayo ne bayan an gina dam ɗin Goronyo, kun saba ku tsaya bisa tudun Wurno a tsakiyar bazara ku hangi kore iyakar ganinku, albasa da tafarnuwa da alkama, ba ku ganin wani abin mamaki. Aikinmu na jinya ma haka ya canza. Yau in nas ta ce ta rage kwanakin aikinta ba mai ɗaga kai ya dube ta. Na ga ana haka a Ingila lokacin da aka tura mu ƙaro ilimi, na kuma gani a Jidda da Omdurman daga baya. A wurinmu a wancan lokaci abin ko suna ba shi da shi: ko kina aiki, ko kin bari. Na ji ana gaya muku wai mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ya hana ni zama shugabar masu jinya, ya zaunar da ni a gida. Ba haka aka yi ba, kuma ba na so ku riƙe shi da abin da bai yi ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Ku kun iske wannan al'ada ta yi laushi, amma a da iyaye ba su kiran sunan ɗan fari, ba su hira da shi, ba su nuna sun san da shi in da mutane. Kunya ce. Ana yaye ni aka kai ni Rabah wajen kakata Dada, wadda ta haifi mahaifina Malam, Bafulatana wadda ba ta yin Hausa sai in za ta sayi gishiri. A ɗakinta na koyi Fulatanci kafin in iya Hausa sosai. Ƙannena duka a Wurno suka tashi wajen Inna, wadda Bahaushiya ce, kuma Malam, tun da ya bar shanu yana yaro ya shiga karatu, ya ajiye harshen uwarsa, da Hausa da Larabci yake rayuwarsa. Saboda haka ni kaɗai na fito da Fulatanci a cikinmu. In na zo Wurno ana ce mini Ta Rabah. In muka yi kiciɓis da Malam a zaure, ni sai in durƙusa in juya fuskata bango in gaishe shi, shi kuma ya amsa wa littafin da ke gabansa. In yana da saƙo gare ni sai ya ce, "A hwaɗa ma waccan," ko da ina tsaye bayan ƙyaure. Na taɓa ba wata abokiyar aikina Baturiya wannan labari, ta yi ƙwalla, ni kuwa ta ba ni dariya. Ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Haka duniya take, kamar yadda gulbi yake cika da damina.

A shekarar da nake ba ku labari ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, mahaifinku kuma yana malamin gona a wajen noman rani. Ba a daɗe da tsare ruwan ba, gari ya cika da baƙi, marasa lafiya kuma sun yi yawa irin wanda ba mu saba ba: zazzaɓin sauro a tsakiyar rani, yara masu fitsarin jini saboda wanka a ruwan da ba ya gudu. Ina son aikin, kuma na iya shi. Matiron ɗinmu, wata 'yar Zuru mai faɗa da dariya a lokaci guda, ta riga ta gaya mini an zaɓe ni in koma Sakkwato in shugabanci masu jinya na wani sashe. Ba zan ɓoye muku ba, ina son kujerar nan ƙwarai. Har na fara tunanin yadda zan shirya gadaje, da yadda zan hana a riƙa yi wa matan ƙauye tsawa.

A daidai lokacin hankalin Malam ya fara gushewa. Da fari maimaita darasi yake yi, ɗalibansa su yi shiru don ladabi. Daga baya ya daina zama a zaure. Sai ya kasance da an sallame sallar asuba ya ɗauki sanda ya gangara fadama, ya yi ta tafiya, sai an bi sawunsa. Wata safiya ya faɗa cikin babban kanal, wato magudanar siminti da ke kai ruwa gonaki, a ranar da aka sako ruwa. Masu albasa suka tsamo shi. Ƙanena Umaru, wanda yake riƙe da gidan, ya aiko direban mota ya gaya mini.

Na iso Wurno da hantsi. Tun daga zaure nake jin ana bugun ƙyaure a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar mai neman izini. Na shiga na ga kwaɗo a ƙofar ɗakin Malam, Umaru yana zaune a gindin ƙofar idanunsa sun yi ja.

"Yaya, kak ki dube ni haka," in ji shi. "Da masu albasa ba su gan shi ba, da yanzu zaman makoki kinka iske."

"Mi shika hwaɗi?"

"Sambatu na. Tun jiya. An yi mai tohi, an yi hayaƙi, bai bari ba."

Na matsa na kasa kunne. Muryar Malam ce, amma ba irin wadda na sani ba, ta yi sirara kamar ta yaro. Abin da nake ji maganar ɗakin Dada ce sak, har da yadda take jan ƙarshen kalma.

"Ba sambatu na ba, Umaru. Hillanci na. Cewa shikai a buɗe mai, rana ta yi, maruƙa suna ɗaure ba a kai su ga uwayensu ba."

A matsayina na 'yar fari ko kusa da ƙofar nan bai kamata in tsaya ba. Amma bakina ya riga ni. Na ce masa da Fulatanci an kwance maruƙan, suna shan nono. Bugun ya tsaya. Can sai ya ce, da Fulatancin:

"Adda? Ke ce?"

Adda yayarsa ce, wadda suka yi kiwo tare suna yara, ta rasu tun ba a haife ni ba. Na ce ni ce. Na karɓi makulli hannun Umaru na buɗe. Malam ya fito ya dube ni cikin ido, ya yi murmushi, ya ce na daɗe. A ranar na san yana da ɗan baƙin tabo a farin idonsa na hagu. Na haura shekara talatin a duniya ban taɓa ganin fuskar mahaifina daga gaba ba.

Da rana muka zauna a tsakar gida. Inna tana tsintar shinkafa, ta ba ni gefe kamar kullum, don ita ma kunyar tana kanta.

"To, kin buɗe," in ji Umaru. "Jibi kin koma Goronyo. Ni da sahe aka sako ruwan gonata, in ban tare shi ba wani ya tare, albasa ta mutu. Inna ba ta iya bin shi. Ba mai jin abin da shika hwaɗi. Wa za shi bi nai?"

Inna ta ce wa faifan da ke hannunta, "A hwaɗa ma Ta Rabah ba wanda yak kulle shi don ƙi."

Na ce, "A hwaɗa ma Inna na sani."

"Ku dai kun ishe ni," in ji Umaru. "Ga ta ga ki, sai ni za ku mai da masinja."

Inna ta yi dariya a cikin mayafi. Ba laifin Umaru ba ne. Haka ake yi wa tsohon da ya rikice, a rufe shi a riƙa miƙa masa abinci, in ya yi tsanani a sa masa mari a ƙafa. A Ingila na ga inda suke tara tsofaffi irinsa, ɗakuna masu tsabta da furanni a taga, ƙofar dai a kulle take. Na san abin da kulle yake yi wa irin wannan ciwo. Mutum yakan daina magana, sannan ya daina ci.

Mahaifinku shi ya fi kowa roƙona kada in sauka daga aikina. Ya ce in bari ya nemo mafita. Ya samo wani dattijon Bafulatani daga wata ruga ya kawo shi ya riƙa raka Malam. Malam ya dubi mutumin sama da ƙasa, ya tambaye shi shanun wa ya zo dubawa, ya ɗaga sanda. Mutumin ya tafi yana cewa shi ba a taɓa kiransa ɓarawo ba sai a Wurno. Ba harshen kaɗai Malam yake nema ba, Adda yake nema. Da na koma Goronyo aka mayar da kwaɗon, da na dawo ranar hutu na iske kwanon abincinsa yadda aka kai shi.

Na je na sami Matiron na ce ina so in koma rabin aiki: safiya tawa, yamma ta asibiti.

"Rabin aiki?" ta ce. "Hadiza, akwai rabin allura? Akwai rabin naƙuda? A ina kika samo wannan, wajen Turawanki?"

Na yi mata bayani. Ta cire tabarau, sannan ta ce a tsarin gwamnati babu irin wannan. Hanya ɗaya ce: in ajiye matsayina na dindindin, a ɗauke ni a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi a ƙaramin asibitin Wurno.

"Kujerar Sakkwato ba ta jiran kowa," ta ce. "Kuma ke nas ce, kin sani. Tsohon nan zai iya shekaru a haka, zai kuma iya tafiya wata mai zuwa, ki tashi ba uba ba kujera."

"Na sani, Matiron."

"Kin sani, amma kin riga kin ɗaure kayanki. Tashi ki ba ni wuri kafin in yi kuka a gaban yara."

Da na gaya wa mahaifinku, ya daɗe yana goge fitilar babur ɗinsa da ba ta da datti. Sannan ya ce, "To. Ni zan dinga yin hanyar." Muka koma Wurno, shi kuma ya riƙa zuwa Goronyo bisa babur yana dawowa, da zafi da sanyi, bai taɓa yi mini gori ba.

Abin da ya biyo baya, in na tuna shi yanzu, kamar ba a farke na yi shi ba. Gari na wayewa sai in ajiye fararen kaya in ɗaura zane, in tsaya ƙofar Malam in yi sallama irin ta Dada. Mu gangara daga tudu, shi a gaba da sanda a wuya, hannayensa rataye a kanta kamar makiyayi, ni a baya ta ɓangaren ruwa. Hazo yana kwance bisa gonaki daidai gwiwa, kawunan masu ban ruwa suna yawo a samansa kamar ba su da ƙafafu. Warin ganyen albasa yana shiga ido. Balbelu sukan jeru a bakin kanal, in mun matso su ɗaga gaba ɗaya su sauka can gaba kaɗan, Malam ya ce ai ga shi, shanun suna kusa. Ba ya ganin simintin. Yana ganin mashayar da suke kai garke, da kuka mai kogo da aka sare tun tuni, da wani tsibiri inda Adda ta taɓa ɓoye masa ƙwaryar fura. Yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina cewa na gani. Bayan wani lokaci har na fara ganinsu. Har yau in na bi hanyar nan, na san inda kukar take, ko da yake idona bai taɓa ganinta ba.

Ruwan ne kawai yake damunsa. Yakan tsaya ya dubi kanal cike, ya ɗaga kai ya dubi sama fes babu ko ɗigon gajimare.

"Adda, a ina aka yi ruwan nan?"

"Can gabas."

"Ba hadari, ba iska, ba ƙanshin ƙasa?" Sai ya girgiza kai. "Kada ki bari maruƙa su sha. Ruwan da bai yi sallama ba."

In ya gaji mu zauna gindin wata giginya, ya yi karatu. Larabcinsa bai taɓa gushewa ba, ko wasali ɗaya. In ya kai ƙarshen sura sai ya koma ba ni labarin wata saniya mai suna da ban taɓa ji ba. Manoma suka saba da mu. Sukan ɗago daga cikin kunyoyin albasa su gaishe shi, ya amsa da Fulatanci, su ce amin. Ni kuwa suka sa mini suna.

"Rabin Sista! Ɗiyata na zazzaɓi, in kawo ta yanzu ko sai rabin naki ya kama?"

"Kawo ta bayan azahar. Kuma ka hana ta wanka cikin kanal, na hwaɗa maka."

"Yo ina za ta yi? Ruwa ya zo har ƙohwar gida!"

Bayan azahar sai in sa fararen kaya in tafi asibiti. Wadda ke shugabantar wurin yarinya ce da ni na koya mata yadda ake neman jijiya. Tana jin nauyina, ni ma ina ƙoƙarin kada in riga ta magana, abin dai bai yi wa kowa daɗi ba. Ranar da na ji an naɗa wata a kujerar Sakkwato, ina cikin wanke ciwon wani mutum da fartanya ta sara. Na gama na ɗaure, na fita bayan ɗakin magani na tsaya. Ba zan ce muku ban ji ciwo ba.

Wata safiya a gindin giginyar, bayan an fara cire tafarnuwa an jera ta tana shan rana, Malam ya gama karatu. Sai ya matso ya rage murya.

"Adda, kin ga yarinyar kwanan nan?"

"Wace yarinya?"

"Ta wajen Dada. Tawa."

Na ce na gan ta.

"Tana lafiya? Tana da ɗan tari da sanyi." Ya yi dariya ƙasa ƙasa. "Kada ki gaya wa kowa. In na ce za ni Rabah duba wani littafi, ba littafi ba ne. Akwai wata katanga kusa da rijiya, in na tsaya bayanta ina ganin ta tana ɗibar ruwa da 'yar ƙwaryarta. Rabi a kai, rabi a jiki. Tafiyarki gare ta. An ce wai yanzu har allura take yi wa mutane, manyan mutane, su kwanta ta soka musu." Ya kama baki. "Wannan 'yar mitsitsiyar!"

Na san katangar. Na san rijiyar. Ban taɓa ɗaga kai na duba ba. A nan na yi abin da nas ba za ta yi ba, 'ya ce kawai za ta yi shi. Na ce masa da Hausa:

"Malam, ni ta. Ni ta Hadiza."

Ya dube ni. Na ga ganewa ta shigo idonsa a hankali, kamar yadda ruwa yake shiga kunyar albasa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya juya mini baya. Duk abin da ciwon ya cinye, bai cinye kunyar ba. Ya tashi ya kama hanyar gida shi kaɗai, da sauri, ina biye da shi daga nesa kamar yadda ya kamata 'yar fari ta yi. A gida ya ƙi karɓar fura daga hannuna. Da dare na ba Umaru labarin duka, Inna tana ji daga ɗakinta. Washegari na yi sallama a ƙofarsa ya yi shiru. Da na koma ɗaki in ba shi wuri, ya sulale ya fita, sai can wajen hanyar Magarya Umaru ya same shi, ƙafafunsa duk ƙaya, yana tambayar masu wucewa ko sun ga Adda.

Umaru ya dawo da shi bisa babur, ya shiga ɗaki ya fito da kwaɗo. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaya, kin gwada. Allah ya gani." Ni kuwa ina tsaye, na ajiye aiki, na rasa kujera, ga shi kuma da bakina na rushe abin da na ajiye su dominsa. Ina so ya san ni ce. Wannan kaɗai nake so, kuma shi ne abin da ba zai yiwu ba: in ni ce, ba zai iya zama kusa da ni ba.

Inna ta fito daga ɗakinta riƙe da wani tsohon baƙin zane na saƙi, irin na matan Fulani na da, wanda Dada ta bar mata. Ta ajiye shi bisa turmi, ta dubi bango.

"A hwaɗa ma Ta Rabah, ɗiya shina da su da yawa. Yaya guda gare shi. Ta bar mai abinai."

Ta juya za ta koma, sai ta tsaya, har yanzu tana kallon bango.

"A kuma hwaɗa mata, littahin Rabah, ni ma na san ba littahi na ba. Ni ka ba shi ƙuli-ƙuli shi kai."

Umaru ya buɗe baki zai isar da saƙo, ya ga ba amfani, ya rufe. Na roƙe shi ya ba ni safiya ɗaya. Da gari ya waye na ɗaura zanen, na tsaya ƙofar Malam, na yi sallama irin ta Dada. Na kasa kunne. Sannan na ji motsin sanda.

"Adda? Ina kika shiga? Na neme ki har na gaji."

Na ce na je Rabah.

"Kin ga yarinyar?"

Na ce na gan ta, tana lafiya, tarin ya warke. Ya ce madalla. Muka gangara.

Daga ranar ban ƙara gaya masa ko ni wace ce ba. Ya riƙa aikena da saƙo wajen yarinyar: ta riƙa rufe ƙirjinta da sanyi, kada ta yi wa marasa lafiya tsawa, ta riƙe sallah. Ni kuma ina kawo masa amsa. Ta haka muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ta hannun matar da ta daɗe a kabari. Da ƙafafunsa suka gaza, muka koma zama a ƙofar gida inda ake hango fadama, yana nuna mini garke da sanda. Ya rasu da damina, ranar da aka yi ruwa na gaske, da hadari da iska, ƙofar ɗakinsa a buɗe.

Bayan an share makoki na ce wa mahaifinku ya kai ni Marnona. Abdullahi, kai ne ɗan farina, kana can wajen kakarka tun yaye, kuma har lokacin ban taɓa kiran sunanka ba, "yaron Marnona" nake cewa. Na iske ka kana ɗaure akuya. Na tsaya tsakiyar gida, gaban kakarka da maƙwabta, na ce, "Abdullahi, taho nan." Ka waiga kana neman wanda ya yi kiran. Kakarka ta saki muciya ta ce, "La ilaha! Boko ta gama da wagga." Matan suka yi ta dariya suna rufe fuska, ni ma kunyar kamar ta kashe ni, amma na zaunar da kai kusa da ni muka ci tuwo kwano ɗaya. Ka ƙi ɗaga kai har muka gama.

An yi mini tayin komawa cikakken aiki daga baya, amma daga ƙasa zan fara, ƙarƙashin waɗanda na koyar, kuma na riga na saba da safiyata. Ban koma ba. Tafiye-tafiyen da na yi bayan haka, rakiyar alhazai da aikin Jidda da na Sudan, duk a matsayin 'yar wucin gadi na yi su, kuma har na bar aiki ban shugabanci ko ɗaki ɗaya ba. Ba wanda ya zaunar da ni, ni na zaɓa. Daga wannan shekara ba a ƙara kulle tsoho a gidanmu ba, kuma ba a ƙara haihuwar ɗan fari a zuriyata da uwarsa ta kasa kiran sunansa ba.